Alƙalin da Bai Kai Shafin Ƙarshe Ba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ya rage a kaina, da wata safiyar Asabar da na tsaya gaban jama'a a Gusau cikin babbar rigata ta zuwa biki, na buɗe baki na tona wa kaina asiri ba tare da kowa ya tambaye ni ba.

Sai na fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san daga inda na faɗo. Na shekara ashirin da 'yan kai ina koyar da Hausa, mafi yawansu a wata makarantar sakandare a Tsafe. Ina da wani tarko da ya yi mini suna. In na ba ɗalibai littafi su karanta, ranar tambaya ba na wahalar da kaina. Sai in nuna yaro da alli in ce, "Me ya faru a shafin ƙarshe?" Na san halinsu, sukan karanta babi biyu na farko, sauran su ji a bakin abokai. Wanda ya fara inda-inda sai tsallen kwaɗo daga bakin aji zuwa gindin tuta. Ba na karɓar uzuri, ko a makaranta ko a gida. Har suna suka sa mini, Malam Shafin Ƙarshe (suna zaton ban sani ba, alhali daɗin sunan nake ji kamar an naɗa ni sarauta).

Bayan an dawo da ni Gusau muka zauna a Tudun Wada. A lokacin ne wata ƙungiyar marubuta ta shirya gasar karrama littattafan yara da matasa. Kyautar ba wata mai yawa ba ce: allon yabo na katako, da alkawarin za a ƙara buga littafin da ya ci a raba wa makarantu. Aka zaɓi alƙalai uku. Akwai Hajiya Balki, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, wadda ita ce shugabarmu. Akwai wani matashi malamin kwaleji. Sai ni, wanda aka ce an ɗauko ne saboda kowa ya san ba a yi mini ha'inci a karatu.

Aka kawo mini littattafai shida a leda, daidai lokacin yankan dawa. Ina da gona a 'Yankuzo, gadon mahaifina. A wancan zamanin hanyar lafiya lau take, mutum ya hau babur bayan asuba ya je ya dawo da la'asar, ba ya ko waiwaye. Biyar daga cikin littattafan sirara ne, na karance su a gindin wata ɗorawa yayin da masu yanka ke hutawa. Na shidan kuwa mai kauri ne, sunansa Karsanar Hansai. Wata Malama Hauwa ce ta rubuta, malamar firamare a Bungudu, 'yar gidan makiyaya. Kullum sai in saka shi a aljihu in tafi da shi gona, in dawo da shi yadda na tafi da shi, sai dai ƙarin ƙura. Ranar zaman alƙalai kuma tana ta matsowa.

Nan ne shaiɗan ya raɗa mini shawara, ni kuma na karɓa hannu biyu. Ina da 'ya, Dije, lokacin shekararta goma sha huɗu. Yarinya ce mai shiru-shiru, wadda ko takardar da aka ƙunso ƙosai a ciki sai ta warware ta karanta. Gaskiya ban cika zama da ita ba. Tsakanina da 'ya'yana a lokacin, daga "ina sakamakon jarrabawa?" sai "wa ya bar ƙofa a buɗe?" Na kira ta na miƙa mata littafin.

"Ki karanta wanga, kullum in na dawo ki ba ni labarin inda kika tsaya. Kada ki tsallake komi."

Ta ce, "To, Baba."

(Na gaya wa kaina wai ai littafin matasa ne, jin ra'ayin matashiya ma wani nau'in bincike ne. Mai son ya yi ha'inci ba ya rasa fatawa.)

Haka muka fara. In na dawo na yi sallar la'asar, sai a shimfiɗa mini tabarma a gindin dogon yaron tsakar gida, in tsoma ƙafafuna a ruwan ɗumi, kwanon fura a gefe. Dije ta zauna a bakin tabarma ta fara. Labarin wata yarinya ce Hansai, wadda kakarta ta ba ta karsana mai cikin fari, karsanar ta ɓace mata a mashaya, ita kuma ta bi sawu daga ruga zuwa ruga, daga kasuwa zuwa kasuwa. Ranar farko Dije tana magana kanta a sunkuye. Rana ta biyu ta fara ɗago kai. Zuwa ta uku har muryar dillalin shanu take kwaikwaya, tana tafa hannu yadda suke yi in ciniki ya faɗa, ni kuwa ina dariya har fura ta sarƙe ni. Ban taɓa sanin yarinyar nan tana da baki haka ba.

Rana ta biyar ta kawo ƙarshe. Ta ce Hansai ta iske karsanar a gidan wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu uku. Matar ta tsince ta a daji ta yi cigiya ba a samu mai ita ba, karsanar kuma ta haihu a hannunta. Hansai ta tsaya a bakin danga ta yi kiran da ta saba yi, saniya ta amsa ta taho da gudu. Har ta ɗaura mata igiya, sai ta ga marayun nan tsaye kowa da ƙoƙonsa, suna jiran tatsar safe. Sai ta kwance igiyar, ta ce a bar ta nan sai an yaye maraƙin. Jama'a, sai ga hawaye a idona. Na ce wa Dije ƙaiƙayin dawa ne ya shiga mini ido, ta ce sannu.

Ranar zaman alƙalai muka haɗu a falon Hajiya Balki. Tsarin shi ne kowa ya rubuta makinsa a takarda a asirce, sannan a haɗa. Na ba Karsanar Hansai maki mafi yawa, sauran biyun ma ashe haka. Na gyara zama na ce, "Hajiya, ƙarshen littahin nan sai da na share ido."

Ta ce, "Ni ma, Malam. Kwana biyu abin bai bar raina ba."

Matashin nan ya gyaɗa kai ya ce lallai ƙarshen ya yi. Muka rabu kowa na yabon ƙarshe, ba wanda ya faɗi wane ƙarshe yake nufi. Da za mu tashi Hajiya ta ce tunda ni ne gwanin magana, ni zan yi jawabi a kan littafin da ya ci. Ta ce in rubuta in kawo ta duba. Na ce haba Hajiya, mutumin da ya shekara ashirin gaban allo ai ba ya bukatar takarda.

Aka yi taron a babban ɗakin taro na wata makaranta, bayan an dawo daga hutu. Abin da ban ba muhimmanci ba shi ne, ƙungiyar ta riga ta raba littattafan shida ga ƙungiyoyin karatu na makarantu a Gusau da Tsafe da Bungudu. Wato ɗakin cike yake da yaran da suka karanta littafin daga bango zuwa bango. Da safen Dije ta ce kanta na ciwo, ba za ta je ba. Na ce ta sha magani ta hau babur, ai ya kamata ta ga yadda ubanta ke jawabi. Ta samu kujera can baya ta zauna, ta ja hijabi har goshi.

A sahun gaba ga Malama Hauwa, 'yar siririya, tana ta murza gefen mayafinta. Kusa da ita wani dogon tsoho da malfa a gwiwa da sanda a hannu. Hajiya ta raɗa mini cewa mahaifinta ne. Shekara biyar tana rubutun nan yana ce mata ɓata lokaci ne, yau da ƙyar aka lallashe shi ya baro shanu ya zo ya gani da idonsa.

Aka sanar da littafinta ne ya zo na ɗaya, aka yi tafi, aka miƙo mini abin magana. Na fara da kyau, ba yabon kai ba. Na yi magana a kan tatsuniyoyin kakanninmu, na yi a kan yaran yanzu da ba sa karatu (har na ɗan harari ɗaliban). Sannan na sassauta murya na ce bari in tuna musu wurin da ya fi taɓa ni. Na kawo matar nan da marayunta. Na kawo kiran da Hansai ta yi a bakin danga, har na gwada kiran da bakina. Na kawo ƙoƙunan yaran, na kwance igiya a iska da hannuna. Na tsaya ina jiran tafi.

Ba wanda ya tafa. Sai wani ƙus-ƙus da ya taso daga baya yana tahowa gaba. Ni a zatona jikinsu ne ya yi sanyi, don haka na ƙara da cewa duk wanda ya karanta wurin nan bai yi ƙwalla ba, ya binciki zuciyarsa. Na ji ana jan gefen rigata, na duba, Hajiya Balki ce, idonta a waje. Malama Hauwa kuwa ta saki baki tana kallona.

Sai wata yarinya cikin ɗaliban Tsafe ta ɗaga hannu, ta miƙe da ladabinta.

"Malam, don Allah a wane shafi anka ga karsanar? Mu a namu littahin ba a gan ta ba."

Malamin da ya kawo su yana zaune kusa da ita. Na gane shi sarai, Sanusi ne, tsohon ɗalibina, wanda ya fi kowa shan tsallen kwaɗo a hannuna. Ya rufe fuska da takardar tsarin taro, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Na zaro littafin daga aljihu da niyyar in kunyata yarinyar. Wannan ne karo na farko da na buɗe bayansa. Rubutu ya zo ya tsaya a tsakiyar jimla: "Hansai ta ɗaga kai, sai ta hangi", daga nan sai fararen takardu har bango. Wurin ɗinki a maɗaba'a aka tsallake kashin ƙarshe, kuma a cikin duk kwafin da aka raba, nawa ne ya zo a haka. Na juya fararen shafukan nan ɗaya bayan ɗaya, kamar in na daɗe ina juyawa rubutu zai tsiro. Gumi ya bi ta cikin hulata ya gangaro bayan kunne.

Da a nan abin ya tsaya, da kunyata ce ni kaɗai. Sai wani marubuci da littafinsa ya zo na biyu ya miƙe, ya gyara babbar riga.

"Shugaba, a gafarce ni. In alƙali bai karanta littahi ba, da mi anka yi hukunci? Ni ina ganin a soke, a sake zama."

Wasu suka ce gaskiya ne. Kuma gaskiyar ce, ba zan zarge shi ba. Na dubi sahun gaba. Tsohon nan ya karkata yana tambayar 'yarsa abin da ke faruwa, ita kuwa ta rufe fuska da mayafi. Na ga ya ɗora malfarsa a ka, ya dafa sanda, alamar mai shirin tashi. Wahalar shekara biyar ta baiwar Allah tana shirin zubewa a gaban ubanta, saboda ni na fi son dawata.

Ba zan ɓoye muku ba, hanyoyin tsira biyu suka zo mini. Ta farko in ɗaga littafin in ɗora wa maɗaba'a laifi, in ce na rikita shi da wani labari ne. Ta biyu in ce wata yarinya ce ta yaudare ni. Na hangi Dije can baya, ta kifa kai a gwiwa. Ni na ba ta aikin da ba nata ba, kuma ni na koya mata cewa ba a zo mini da uzuri.

Na ce, "Jama'a, ban karanta littahin nan ba. Na ba wani ya karanta mani, ni ina gona. Laihin nawa na, ba na Malama ba, ba na wanda ya karanta mani ba. A cire makina, a duba na waɗanda sunka yi aikinsu."

Hajiya Balki ta buɗe jakarta ta fito da takardun nan uku, ta ware tawa ta kife a kan tebur (har yau ina jin ƙarar kifewar). Ta ɗaga sauran biyun ta nuna wa wanda ya yi ƙorafi, ta ce, "Mu biyu mun karanta har bango, kuma ko ba Malam, ita ta ci." Mutumin ya duba, ya ce ya gamsu, ya zauna. Sannan Hajiya ta ce tunda an ji ƙarshen Malam, bari a ji na mai littafi.

Malama Hauwa ta tashi ta karanta. Ashe abin da Hansai ta hanga ba karsana ba ce, mahaifinta ne. Tun ranar da ta bar gida yake biye da ita daga nesa, bai bari ta gan shi ba. Karsana dai ba a same ta ba har abada. Uban ya miƙa wa Hansai sandarsa ya ce wanda ya yi irin wannan nema, shi ake ba garke. Na saci kallon tsohon nan. Ya cire malfar ya mayar gwiwa, yana kallon sandar da ke hannunsa, bai ɗago ba har aka gama tafi. Ni ma na tafa, daga kujerar da na lallaɓa na zauna a bayan Hajiya.

Da aka tashi na so in sulale, amma Malama Hauwa ta tare ni a bakin ƙofa, allon yabonta a ƙirji. Na fara ba ta haƙuri, ta ce ya wuce.

"Amma Malam, wa ya ba ka wancan ƙarshen?"

Sai idona ya ci amanata, ya tafi wurin Dije da ke raɓe a jikin babur. Malama ta taka har wurinta.

"Ke kika gano mani karsanata?"

Dije ta sunkuyar da kai.

"Shekara biyar ina nemanta ban gan ta ba, ke kin gano ta cikin kwana biyar. Ungo, ga cikakke. Amma naki ma ki rubuta shi, kada ki bari ya ɓace."

Muka kama hanyar gida har muka kusa Tudun Wada. Na tsaya wurin mai rake na saya mana, don in samu abin yi da hannuna. Na ce, "Dije, mi ya hana ki hwaɗa mani littahin bai cika ba?"

"Na ji tsoro ka ce ni na yaga shi, Baba."

"Shi ke nan?"

Ta dubi raken hannunta. Ta ce, "Tun rana ta uku ya ƙare. Na ga in na ce ya ƙare, ba za ka sake zama ba."

Kunyar da na ji a ɗakin taro ba ta kai rabin wadda na ji a gaban mai raken nan ba. Kwana biyu cur yarinyar nan tana ƙirƙiro ruga da kasuwa da marayu, don kawai ubanta ya zauna a tabarma ya saurare ta.

Yanzu shekaru sun ja. Na yi ritaya. Gonar 'Yankuzo rabona da ita na manta, hanyar ba ta biyuwa yadda muka saba. Dogon yaron ma an sare shi an yi ɗaki a wurin. Dije tana gidanta da 'ya'ya uku, tana aikin jinya, kuma an ce in ta fara ba yaranta labari har na maƙwabta ke shigowa. Ƙungiyar ta ci gaba da gasarta, sai dai ba a sake gayyatata alƙalanci ba, ban kuma tambayi dalili ba. Sanusi kuwa duk inda muka haɗu sai ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Malam, ya shafin ƙarshe?" Nakan ce lafiya lau, Allah ya shirye ka.

Kwafin nan mai fararen shafuka yana nan cikin akwatina. Na karanta cikakken daga baya, sau biyu, har bango, kuma littafi ne da ya cancanci abin da ya samu. Abin da na koya bai fi biyu ba. Duk littafin da aka miƙo mini yanzu, ko na wa'azi ne, bayansa nake fara buɗewa. In kuma jika ya zo ya ce, "Kaka, in ba ka labari?" sai in ajiye rediyo in gyara zama, ko da na san ƙarya zai shirga mini. Sai dai tsakanina da ku, kada ya kai kunnen Malama Hauwa: har gobe in na tuna Hansai, a bakin dangar nan nake ganinta, tana kwance igiya.